Takardar Manzo: Daga Hatimin Sakkwato Zuwa Layin Biza A Abijan

 

Shekarata ashirin da 'yan kai ina riƙe da alƙalami a zauren wani dattijo na jama'armu a nan Abijan. Ni nake rubuta masa wasiƙa, ni nake karanta masa wadda aka aiko, ni kuma nake ajiye tambarinsa. A daminar da ta wuce wani saurayi mai sayar da takalma a kasuwar Adjamé ya yi sallama da mu bayan La'asar, ya durƙusa ya ce: "Baba, alfarma na zo nema. A rubuta mini takarda cewa ni wakilin jama'a ne, a buga mini tambari." Da aka tambaye shi dalili, sai ya ce wani dillali ne ya yi masa alkawarin zai sa sunansa cikin tawagar wasu jami'an gwamnati masu tafiya Turai, a yi masa fasfo irin nasu, ya sami biza ba layi ba tambaya. Ya riga ya ba da rabin abin da ya tara cikin shekara uku, saura takardarmu kawai.

Dattijo ya yi shiru, sannan ya ce: "Ɗana, wa ya aike ka?" Yaro ya rasa amsa. Wannan tambaya ita ce ta sa na ɗauki alƙalami yau, domin duk tarihin takardar tafiya ta manyan ma'aikata a kanta ya tsayu, tun daga zamanin magabata har zuwa tagar ofishin jakadanci.

Mu da muka yi karatun zaure mun san asalin al'amarin. Lokacin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi nufin rubuta wa sarakunan duniya bayan sulhun Hudaibiyya, an shaida masa cewa ba sa karanta wasiƙar da ba ta da hatimi, sai aka ƙera masa zoben azurfa. Dihyatul Kalbi ya ɗauki wasiƙar Hiraƙla sarkin Rum, Abdullahi ɗan Huzafa ya ɗauki ta Kisra na Farisa, Haɗibu ɗan Abi Balta'a ya ɗauki ta Muƙauƙisu na Masar. Ya kuma tabbata a sunna cewa ba a kashe manzo, ko da kuwa saƙon da ya kawo mai ɗaci ne, kamar yadda aka bar manzannin Musailama suka koma lafiya. A kan wannan malaman fiƙihu suka gina babin amana: baƙon da ya shigo da izini, jininsa da dukiyarsa suna cikin kariya har ya koma inda ya fito. Wato tun farko ana buƙatar wanda ya yi aike, da hatimin da ke shaida aiken, da kuma yardar wanda aka je wurinsa. In ɗaya ya faɗi, sauran ba sa tsayawa.

Daular Usmaniyya ta Sakkwato ta yi aiki da wannan tsari sosai. Kowace masarauta tana da ƙofarta a fadar Sarkin Musulmi, wato babban da saƙonta ke bi ta hannunsa, kuma Waziri shi ne ƙofar manyan masarautun gabas irin su Kano da Zazzau. Jakadu suna kai da komowa da wasiƙun Larabci masu hatimi. Bature Hugh Clapperton da ya iso Sakkwato a 1824 bai shigo haka kawai ba: ta Barno ya biyo da takardar Shehu Laminu, Waziri Giɗaɗo ɗan Laima ya karɓe shi, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya gana da shi, har ya ba shi wasiƙa zuwa ga sarkin Ingila. Amma da ya dawo a 1826 ya tarar Sakkwato da Barno suna yaƙi. Sai aka hana shi wucewa, aka karɓe wasiƙar da ya ɗauko domin Shehun Barno. A nan ƙasar Sakkwato ya rasu cikin watan Afrilu na 1827. Mai karatu ya lura: mutum ɗaya ne, sarkin da ya aiko shi ɗaya ne, amma ƙofar da ta buɗe jiya ta rufe yau, saboda izinin wucewa haƙƙin mai ƙasa ne.

Haka Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya sami Sarkin Musulmi Aliyu Babba a Gawasu cikin 1853, ya roƙi abu biyu: takardar aminci ga 'yan kasuwar Ingila, da izinin wucewa zuwa Tumbuktu. Aka rubuta masa, aka buga hatimi. Abin da muke kira biza a yau, ga kakanta nan, an rubuta ta da tawadar malamai, kuma Bature ne ke jiran a sa masa hannu.

Wannan na manya ke nan. Talaka fa, da me yake tafiya? Kakanninmu fatake da suka bi hanyar Gwanja neman goro ba su da hatimin sarki a jaka. Madugu ne takardarsu. Shi ya san sarakunan hanya, shi yake daidaita kuɗin fito a bakin kogi da ƙofar gari, shi yake ba da gaisuwa a madadin ayari. In an sauka a zango kuma sai mai gida ya karɓa: ya ba da masauki, ya ajiye kaya, ya tsaya wa baƙo a ciniki da bashi, in rigima ta tashi shi ake nema. Ta haka Hausawa suka kafa unguwanni a Salaga da Bonduku, da kuma sauran garuruwan da ke bakin kurmi. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 fatake suka watsu, wasu suka yi kudu, wasu suka yi yamma zuwa ƙasar da ake kira Kodebuwa a yau. Tambarin da nake ajiyewa a aljihun tebur, gadon wannan mai gida ne. Ƙarfinsa guda ne kawai: ba a taɓa kama shi da ƙarya ba.

Akwai wani abin lura a sunayen unguwannin da muke zaune. Louis-Gustave Binger, hafsan sojan Faransa, ya taso daga Bamako a 1887, ya shiga birnin Kong a watan Fabrairu na 1888. Kafin ya ci gaba da tafiya sai da manyan Kong suka rubuta masa takardar aminci da Larabci, domin a bar shi ya wuce a garuruwan da ke jin maganarsu. Ya zaga ta ƙasar Mosi da Salaga da Bonduku, ya dawo Kong, inda ya haɗu da Marcel Treich-Laplène a watan Janairu na 1889, aka ƙulla yarjejeniya da Karamoko Ule Watara. Shekara huɗu bayan haka, a ranar 10 ga Maris 1893, Faransa ta ayyana Kodebuwa a matsayin ƙasar mallakarta, Binger ya zama gwamnanta na farko. Shi aka sa wa Bingerville, abokinsa kuma aka sa wa Treichville. Baƙon da ya shigo da takardar malamai, cikin ɗan lokaci ya zama shi ke ba jikokinsu takarda.

Hedikwatar mulki ta tashi daga Grand-Bassam zuwa Bingerville a 1900, daga can zuwa Abijan a 1934. Turawa suka zauna a Plateau, aka bar wa baƙar fata Adjamé ta arewa, da Treichville ta kudu a hayin ruwa. Layin dogo da aka fara a 1904 ya kai Bouaké a 1912, ya kai Bobo-Dioulasso a 1934, ya kai Wagadugu a 1954. Sunansa jirgin Abijan zuwa Nijar, amma har yau bai taka Yamai ba. Da aka haƙa mashigin Vridi a 1950 aka buɗe tashar jiragen ruwa a 1951, sai birni ya cika da baƙi: 'yan Tawa da Maraɗi da Damagaram, da Kanawa da Katsinawa da Sakkwatawa, masu fawa da masu tireda da masu goron Anyama. A zamanin mulkin mallaka ɗan ƙasa ba ya yin nisa sai da takardar izinin kwamandan, kuma aikin tilas bai gushe ba sai da dokar 11 ga Afrilu 1946 mai ɗauke da sunan Houphouët-Boigny. A can Turai kuwa, taron da Ƙungiyar Ƙasashe ta kira a Faris cikin 1920, bayan Yaƙin Duniya na Farko, shi ya daidaita siffar fasfo ya zama ɗan littafi mai hoto kamar yadda muka san shi.

Sai shekarar 1960 ta zo. Nijar ta sami 'yanci ranar 3 ga Agusta, Kodebuwa ranar 7 ga Agusta, Nijeriya ranar 1 ga Oktoba. Bahaushen Treichville ya kwana ɗan zango, ya tashi ɗan wata ƙasa mai tuta da ofishin jakadanci. A shekara mai bi mata, ranar 18 ga Afrilu 1961, ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniyar Biyana kan hulɗar jakadanci, sannan ta ƙananan jakadu a 1963. Wanda ya karanta ta da idon almajiri zai ga tsohon babin amana cikin sabuwar riga. Ba a tura jakada sai ƙasar da za shi ta amince da sunansa tukuna, in ta ƙi kuma ba dole ta faɗi dalili ba. In ya isa sai ya miƙa takardar kama aiki daga shugabansa. Ba a kama shi, ba a tsare shi, ba a buɗe jakar wasiƙunsa. Amma mai masauki yana da ikon ya ce ba ya bukatarsa a kowane lokaci, ya tattara ya tafi.

To yaya jami'in gwamnati ke neman biza? A nan ne dillalai ke cin kasuwarsu, saboda jama'a ba su san hanyar ba. Galibin ƙasashe suna da fasfo iri uku: na kowa da kowa, da na aiki wanda ake ba ma'aikacin da aka tura wani saƙo, da na diflomasiyya. Biyun ƙarshe mallakar gwamnati ne, saboda muƙami ake bayar da su. Jami'in da zai yi tafiya yana fara samun takardar aike daga ma'aikatarsa. Daga nan ma'aikatar harkokin waje, wadda a nan take Plateau, ta rubuta wa ofishin jakadancin ƙasar da za a je wasiƙar da a Faransanci ake ce wa note verbale, mai hatimin ma'aikata, tana bayyana sunan mutum da muƙaminsa, da dalilin tafiya, da ranar tashi, da tsawon zama. Sashen kula da baƙi na ma'aikatar ne ke kai ta tare da fasfo. Ko da yake an mai da babban birni Yamoussoukro tun 1983, ofisoshin jakadanci suna nan Abijan, don haka duk wannan zirga-zirga tsakanin Plateau da Cocody ake yin ta.

Mu ɗauki Amurka misali, tun da ita matasa suka fi ambato. Tana ba jakadu da ministoci biza mai lamba A-1, sauran jami'ai A-2, masu zuwa aikin Majalisar Ɗinkin Duniya da makamantanta kuma jerin G. Ba a biyan kuɗi a kansu, kuma galibi ba a kiran mai nema hira. Wannan shi ne zumar da ake nuna wa yara. Abin da ba a gaya musu shi ne, dalilin tafiya ake dubawa kafin launin fasfo. Minista da zai je hutu ko ganin likita, bizar baƙo zai nema, in ban da shugaban ƙasa ko na gwamnati. Gwamnan jiha ko magajin gari ba ya shiga wannan aji, domin gwamnatin tsakiya kaɗai ake lissafawa. Mai aikin gida da zai bi jakada yana da tasa lamba, A-3, kuma shi sai ya zauna an yi masa tambayoyi. Wasu ƙasashe kan yi yarjejeniya a tsakaninsu su yafe wa masu fasfon diflomasiyya biza na ɗan gajeren zama, amma ko a nan fasfo kaɗai ba ya ba da kariyar jakada. Kariya tana zuwa ne bayan mai masauki ya karɓi mutum ya rubuta sunansa.

Manya ma ana rufe musu ƙofa. Yarjejeniyar 1947 ta wajabta wa Amurka barin wakilai su isa zauren Majalisar Ɗinkin Duniya a New York, amma a 1988 ta hana Yasir Arafat biza, har sai da babban taro ya tashi zuwa Janeba a watan Disamba domin a saurare shi. A 2025 an maimaita wa Mahmud Abbas, ya yi jawabinsa ta bidiyo. Mutanen Arewa kuma ba su manta da Alhaji Umaru Dikko ba, tsohon ministan sufuri na gwamnatin Shagari, wanda aka sace a Landan ranar 5 ga Yuli 1984, aka same shi a sume cikin akwati a filin jirgin Stansted. Abin da ya ba jami'an kwastan damar buɗe akwatin shi ne ba a yi masa alamun da yarjejeniyar Biyana ta shardanta wa jakar diflomasiyya ba. Rai guda ya tsira saboda rashin alama a jikin katako. Wanda ya san wannan ba zai yarda cewa wani dillali a bakin tasha yana iya sayar da wannan hanya ba.

Tarihin takardar talaka a wannan ƙasa shi ma hawa da sauka ne. A ranar 29 ga Mayu 1959 aka kafa Majalisar Antant a nan Abijan, tsakanin Kodebuwa da Nijar ta Diori Hamani da Haute-Volta da Dahomey. Houphouët-Boigny ya so a bai wa 'yan waɗannan ƙasashe damar zama 'yan ƙasa biyu, amma ma'aikatan ƙasarsa suka ƙi, aka janye maganar a farkon 1966. Makwabta sun nuna mana abin da rashin takarda ke jawowa: Gana ta kori baƙi a 1969, Nijeriya ta yi nata a 1983. An kafa ECOWAS, wadda a nan muke ce wa CEDEAO, a Legas ranar 28 ga Mayu 1975, kuma ƙa'idar Dakar ta 1979 ta ba ɗan yankin izinin shiga ba biza har kwana 90. Duk da haka an kafa dokar katin zama a nan a 1990, aka fara aiki da ita a 1991. Duk wanda ya zauna Adjamé a waɗancan shekaru ya san yadda zuciya ke faɗuwa in an tare motar gbaka ana tambayar takardu. Sai a watan Nuwamba na 2007 aka ɗauke wa 'yan CEDEAO wannan kati. Yanzu kuma ga sabon babi: Nijar da Mali da Burkina Faso sun fita daga ƙungiyar ranar 29 ga Janairu 2025, sun fitar da fasfon ƙawancensu na Sahel. CEDEAO ta ce a ci gaba da karɓar takardunsu da barin jama'arsu su yi zirga-zirga har zuwa wani umarni. Wannan kalma ta ƙarshe ya kamata kowane mai iyali a zango ya riƙe ta, domin abin da aka bari zuwa wani umarni, umarni na iya ɗauke shi.

Akwai kuma ciwon da ya fi wannan zurfi. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1961 ta bai wa yaran baƙi da aka haifa a nan damar neman zama 'yan ƙasa ta hanyar bayyana buƙata, amma iyayenmu da yawa ba su sani ba, aka rufe ƙofar a 1972. Dokar 2013 ta sake buɗe ta na ɗan lokaci ga waɗanda suka cancanta, kuma a nan Abijan ne ƙasashen yankin suka yi shelar kawar da rashin ƙasa a watan Fabrairu na 2015. Amma har gobe ina karɓar dattijo mai furfura, an haife shi a Treichville, babu takardar haihuwa a nan, babu sunansa a can garin kakansa. Shi ba bizar Turai ce damuwarsa ba. So yake ya je Makka kafin ya mutu, kuma ba a yin fasfo sai da takardar da ba shi da ita.

Mu koma ga saurayinmu. Dattijo ya ce masa: "Ɗana, ni ban aike ka ba, jama'a ba su aike ka ba. In na buga maka tambari yau, gobe maraya na gaskiya zai kai takardata a jefar da ita." Yaro ya fita ransa a ɓace, bai yi mini sallama ba. Bayan mako uku ya dawo. Lambar dillali ta daina shiga, ɗakin da yake karɓar mutane an kulle. Da na tambaye shi takardunsa sai na tarar ko katin ofishin jakadancin ƙasarsa ba shi da shi, takardar haihuwarsa kuma sunan da ke ciki ya saɓa da wanda yake amfani da shi. Wanda zai tafi Turai a matsayin jami'i ke nan. Muka fara daga tushe: shaidu biyu, da neman hukuncin kotu na gyara, da rajista a ofishin jakadanci. Kuɗin da suka tafi ba su dawo ba, amma yanzu yana da fasfo na kowa da kowa mai ɗauke da sunansa na gaskiya, ya kuma yi wa 'yarsa rajistar haihuwa tun kafin a yi arba'in.

Don haka ina kira ga iyaye da masu unguwanni da limamai, daga Adjamé har Treichville, da sauran zangunanmu na Kumasi da Lome da Kwatano: ranar suna, bayan an yanka rago, a tambayi uban jariri ko ya je ofishin magajin gari. Duk wanda ya ce muku yana da hanyar sa suna cikin tawaga, ku yi masa tambayar dattijo: wa ya yi aiken, ina hatimin, wa ya yarda a can? Kakanninmu sun ratsa daji wata da watanni da amanar madugu da shaidar mai gida, kuma ba su isa ba sai don maganarsu tana da nauyi. Zamani ya mai da shaidar nan takarda, sai mu nemi ta gaskiya mu adana.

Allah Ya jiƙan magabatanmu da suka kwanta a wannan ƙasa ta baƙunta, Ya tsare mana 'ya'yanmu daga mayaudara, Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya.